Me ake buƙata kafin a kafa cajar motar lantarki a gida a yammacin Zamfara?

Tun bayan da shugaban Najeriya, Bola Ahmed Tinubu, ya bayar da sanarwar janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, masu motoci a arewacin ƙasar suka soma kasa kunne ga labarin motocin da ke aiki da lantarki.

Litar man da ake sayarwa ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati kafin wannan rana, ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama ya zuwa watan Oktoban 2024.

A ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum da ke yammacin jihar Zamfara kuwa, matsalar ta wuce ta tsada. A shekara ta 2021 gwamnatin jihar ta hana sayar da mai a jarka, ta kuma taƙaita wuraren da aka amince a sayar da shi, a wani mataki na toshe wa 'yan bindiga kafar samun mai. Matakin ya shafi manoma da 'yan kasuwa da ma'aikatan lafiya, kamar yadda ya shafi waɗanda aka yi shi dominsu.

Don haka ba abin mamaki ba ne idan ma'aikaci a Gummi, ko ɗan kasuwa a Anka, ya yi sha'awar abin hawan da ba ruwansa da gidan mai.

Sai dai kuma akasarin tashoshin cajin mota na jama'a a Najeriya suna Legas da Abuja ne. Ke nan duk wanda ya kai irin wannan mota yammacin Zamfara, gidansa ne zai zama gidan mansa. Abin da ya kamata ya fara tambayar kansa, tun kafin ya taya mota, shi ne: shin wutar gidan da wayoyinsa za su iya ɗaukar nauyin?

Daga Sakkwato aka fara

A maƙwabciyar jihar Sakkwato ne aka buɗe tashar farko ta gwamnatin Najeriya mai cajin mota da hasken rana. Hukumar tsarawa da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, wato NADDC, ita ce ta kafa tashar a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a watan Afrilun 2021, kafin daga bisani ta kafa irinta a jami'o'in Legas da Nsukka.

Shugaban hukumar a wancan lokaci, Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato ne da ya yi suna a kamfanin General Motors na Amurka, inda ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka fara nunawa a 2007.

Kafin nan, a watan Nuwamban 2020, an gabatar da motar lantarki ta farko da aka harhaɗa a Najeriya, wato Hyundai Kona, wadda kamfanin Stallion ya haɗa a Legas. A Maiduguri ma, wani matashi mai suna Mustapha Gajibo ya shahara wajen mayar da ƙananan motocin bas masu shan mai su koma amfani da batir.

A duniya baki ɗaya, hukumar makamashi ta ƙasa da ƙasa ta ce an sayar da motocin lantarki fiye da miliyan 17 a shekara ta 2024, wato sama da ɗaya daga cikin kowaɗanne motoci biyar da aka sayar a shekarar. Ƙasar Habasha kuwa ta hana shigo da ƙananan motoci masu amfani da fetur da gas tun farkon 2024.

A ƙasashe da dama, akasarin masu motocin a gida suke yin caji da dare. Bambancin shi ne a can ana da tabbacin wuta za ta kwana.

Mece ce cajar gida?

Wutar da ke zuwa gidajen Najeriya tana da ƙarfin bolt 230, kuma irin wadda ke kai da komowa ce a cikin waya, wadda masana ke kira AC. Batir kuwa wuta mai tafiya bai ɗaya yake ajiyewa, wato DC. Na'urar da ke juya ta farko zuwa ta biyu tana cikin motar ne.

Saboda haka akwatin da ake kafawa a bango, wanda kowa ke kira caja, aikinsa na mai gadin ƙofa ne. Shi ke shaida wa motar iyakar wutar da za ta ja, ya tabbatar an jona waya daidai, ya kuma tabbatar akwai wayar ƙasa, sannan ya saki wuta. Da zarar ya ga matsala sai ya katse.

Hanyoyi biyu ne aka fi amfani da su a gida. Ta farko ita ce wayar tafi-da-gidanka da ke zuwa tare da mota, wadda ake jonawa a soket mai baki uku. Tana jan kimanin ampiya 10, wato kilowat 2.3. Ta biyu ita ce cajar bango mai jan ampiya 32, wato kilowat 7.4. Gidan da ke da layin wuta uku zai iya ɗaukar mai kilowat 11 ko 22, idan motar tana karɓar hakan.

Idan aka ɗauki Hyundai Kona mai batirin yunit 64 a matsayin misali, cajar bango za ta cika ta cikin kimanin sa'o'i tara da rabi. A soket kuwa sai ta kwashe kusan sa'o'i 30.

Ba kullum ne dai ake buƙatar cika batir daga farko ba. Ƙaramar motar lantarki tana cin yunit 15 zuwa 20 a tafiyar kilomita 100. Mai yin kilomita 50 a rana yana buƙatar kusan yunit 10, wato sa'o'i huɗu da 'yan kai a soket, ko kuma sa'a ɗaya da rabi a cajar bango.

Sa'o'i nawa ake samun wuta?

Kamfanin rarraba wutar lantarki na Kaduna ne ke kula da jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara. Hukumar da ke sa ido kan harkar lantarki a ƙasar, NERC, ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar. Rukunin A an yi masa alkawarin aƙalla sa'o'i 20 a rana, B sa'o'i 16, C sa'o'i 12, D sa'o'i 8, sai E mai sa'o'i 4.

Abu na farko da mai gida zai yi shi ne ya san rukunin layinsu, sannan ya yi makonni yana rubuta sa'o'in da wuta ta zo a zahiri, da lokacin da take zuwa. Alkawari daban, abin da ke isowa gida daban.

A nan ne lissafin ke ɗaurewa. A garin da wuta ke zuwa na sa'o'i huɗu, soket zai ba mota kimanin yunit 9, wato tafiyar kusan kilomita 50. Cajar bango kuwa za ta ba ta kusan yunit 28, wato fiye da kilomita 150. Ke nan wanda wutarsa ba ta daɗewa shi ya fi buƙatar caja mai ƙarfi. Amma kuma taransfomar unguwarsa ce ta fi kasa ɗaukar ta.

Kilowat 7.4 daidai yake da a kunna dutsen guga bakwai a lokaci guda, a bar su sa'o'i ba tare da an kashe ba. A unguwar da taransfoma ɗaya ke ɗauke da gidaje da shaguna da injinan niƙa da masu walda, irin wannan nauyi zai iya sa ƙwan fitilar maƙwabta ya dushe.

Akwai kuma matsalar wuta mara ƙarfi, wadda aka fi fama da ita a garuruwan da ke ƙarshen dogon layi. Idan ƙarfin wutar ya sauko zuwa bolt 180, cajar ampiya 32 ba za ta ba da abin da ya kai kilowat 6 ba, wasu cajojin ma ƙin aiki suke yi ɗungurungum.

Shi ya sa ya fi dacewa a sayi cajar da ake iya rage mata ƙarfi, daga ampiya 32 zuwa 16 ko 10, gwargwadon abin da layin ke iya bayarwa.

Ya kuma zama wajibi a sanar da kamfanin wuta kafin a ƙara wannan nauyi, domin ya duba mita da wayar da ta taso daga turke zuwa gida. Jona caja ta bayan mita satar wuta ce, kuma laifi ne a ƙarƙashin dokar lantarki ta 2023.

Batun waya

Gobarar lantarki ta fi tashi daga waya da wuraren haɗi. Dalili shi ne duk lokacin da wuta ke bi ta cikin waya tana haifar da zafi, kuma idan wutar ta ninka biyu, zafin ninkawa yake yi sau huɗu.

Dutsen guga yana ɗaukewa yana dawowa da kansa, ita ma firji haka. Mota kuwa ja take yi ba ƙaƙƙautawa na tsawon sa'o'i. Sukurun da bai ɗauru sosai ba a bayan soket zai iya shekaru bai nuna komai ba, amma dare ɗaya na cajin mota ya isa ya narkar da robar.

Ƙa'ida ta farko ita ce caja ta samu layinta ita kaɗai, daga akwatin rarraba wuta na gida kai tsaye zuwa inda take, ba tare da an raɓa masa famfon ruwa ko firji ba.

Wayar da aka saba yi wa soket wayarin da ita mai kaurin milimita 2.5 ce, kuma ba za ta ɗauki ampiya 32 ba. Cajar bango tana buƙatar wayar jan ƙarfe mai milimita 6 idan tazarar gajera ce. Idan ta kai mita 40 zuwa 50, kamar yadda ake samu a manyan gidajen gandu inda mita ke zaure mota kuma na can wani sashe, sai an koma mai milimita 10, don kada ƙarfin wutar ya zube a hanya.

Zafin yankin ma yana shiga lissafi. Alƙaluman da masu wayarin ke aiki da su an gina su ne kan zafin maki 30 a ma'aunin Salshiyas. A maki 40, abin da waya mai rigar roba za ta iya ɗauka yana raguwa da kashi 13 cikin 100. A maki 45 yana raguwa da kashi 21. Duk wanda ya san bazara a Zamfara, daga Maris zuwa Mayu, ya san zafin da ke tsakanin kwano da silin ya zarce haka. Waya mai kauri a nan larura ce.

Sannan ga jabun waya da ta cika kasuwa: alminiyam ce a ciki, aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Idan aka kankare bakinta da wuƙa aka ga fari, to a ajiye ta. Araha ba ta ado.

Idan za a bi da waya ta tsakar gida, a yi amfani da mai sulke, a binne ta aƙalla rabin mita a ƙasa. Idan ta bango za ta bi, a saka ta cikin bututu saboda ɓeraye da awaki da hannun yara.

Ko wanda zai tsaya kan wayar tafi-da-gidanka ya kamata a ja masa sabon soket mai inganci a kan layinsa na daban. Jona mota da wayar ƙari irin ta cajin wayoyin salula gayyatar gobara ce.

Na'urorin kariya

Na'urori huɗu ne ya kamata su tsaya tsakanin mita da caja, kowacce da aikinta.

Ta farko ita ce mai katse wuta idan nauyi ya yi yawa ko wayoyi suka haɗu. Ga cajar ampiya 32 akan saka mai ampiya 40, muddin kaurin wayar ya dace da ita. Wannan waya take karewa.

Ta biyu mutum take karewa. Ita ce mai lura da yoyon wuta, wadda ake kira RCD. Tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, idan ta ga giɓin da ya kai miliampiya 30, alamar wuta na bi ta jikin mota ko ta jikin mutum, sai ta katse nan take. Motar lantarki tana iya yin yoyon wutar DC, wadda ke makantar da RCD ta yau da kullum. Don haka ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta tanadi a saka nau'in B, ko kuma nau'in A idan cajar kanta tana iya gano yoyon DC na miliampiya 6.

Ta uku ita ce mai kariya daga tsawa da bugun wuta na farat ɗaya, abin da ke yawaita a farkon damina.

Ta huɗu kuwa ita ce mai katsewa idan ƙarfin wuta ya yi sama ko ƙasa fiye da kima, ta kuma dakata kaɗan bayan an dawo da wuta kafin ta saki. Duk gidan da aka taɓa asarar talabijin lokacin da aka kawo wuta da ƙarfi ya san amfaninta. Na'urar juya wuta da ke cikin mota ta fi talabijin tsada nesa ba kusa ba, kuma da wuya a samu mai gyaranta a kusa.

Wayar ƙasa

Gidaje da dama an yi musu wayarin da waya biyu kawai, an bar baki na uku na soket ba a jona shi da komai ba. Fanka da fitila ba za su damu ba. Mota kuwa ƙarfe ce mai nauyin fiye da tan ɗaya, tsaye kan tayoyin roba, a wurin da yara ke wasa ba takalmi. Idan wuta ta taɓa jikinta babu hanyar da za ta bi ta shige ƙasa, sai ta jira wanda zai dafa.

Wayar ƙasa ita ce wannan hanya. Ana kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa, a haɗa ta da akwatin wuta da kuma cajar. Yawancin cajoji ba sa sakin wuta ma sai sun tabbatar da ita.

Matsalar yankin ita ce bushewar ƙasa. Ƙasa mai danshi tana karɓar wuta da sauƙi, busasshiya mai yashi ko tsakuwa kuwa ba ta karɓa sosai. Sandar da ta yi aiki da kyau a watan Agusta za ta iya zama kamar babu ita a watan Afrilu. Gidan da ke kusa da fadama da wanda ke kan tudu ba za su samu sakamako ɗaya ba.

Saboda haka a auna ta da na'ura, kuma da rani, lokacin da ƙasa ta fi bushewa. Idan ba ta kai ba, a ƙara zurfi ko a ƙara sanduna. Dabarar zuba gishiri da gawayi a ramin tana taimakawa na ɗan lokaci, amma gishirin yana cin sandar, ruwan sama kuma yana wanke shi.

A ina za a kafa ta?

A kafa caja a bangon siminti ko a turken ƙarfe, a tsayin kusan mita ɗaya ko fiye daga ƙasa. Bangon laka ba ya riƙe ƙusa yadda ake so, kuma yana jiƙa da damina.

Garin Gummi ya sha mummunar ambaliya a watan Agustan 2024, wadda ta rusa gidaje masu yawa. A wurin da ruwa ya taɓa kwanciya, ya kamata cajar da akwatin wutarta su kasance sama da inda ruwan ya tsaya, a kuma tanadi makunni guda da za a kashe layin gaba ɗaya da shi.

Rumfa ma tana da muhimmanci. Caja da batir duka ba sa son zafi. Cajar da rana ke duka takan rage ƙarfinta da kanta, batirin da ake yawan caji cikin tsananin zafi kuma yana saurin tsufa.

Ga masu babur ko keke mai ƙafa uku na lantarki, waɗanda kuɗinsu ya fi kusa da aljihun jama'ar yankin, ƙa'idojin ɗaya ne, tare da ƙarin gargaɗi: kada a yi caji a ɗakin kwana, ko a zauren da shi kaɗai ne mafitar gida. Batirin litiyam idan ya kama da wuta yana da wuyar kashewa, hayaƙinsa kuma guba ne.

Hasken rana

A watan Oktoban 2024 akasarin jihohin arewacin Najeriya sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta. Wanda motarsa ta dogara da wutar gwamnati kaɗai, a irin wannan lokaci sai dai ya ajiye ta.

Abin da yankin ke da shi a wadace shi ne rana. A arewa maso yammacin Najeriya, farantan sola masu ƙarfin kilowat ɗaya suna samar da yunit huɗu zuwa biyar a rana. Mai buƙatar yunit 10 don tafiyar kilomita 50 yana buƙatar farantai huɗu zuwa biyar masu wat 550, bayan waɗanda gidan ke amfani da su.

Sai dai inbatar da aka fi sakawa a gidaje mai kilowat 5 ce ko ƙasa da haka, kuma ba za ta iya ɗaukar cajar kilowat 7.4 ba. A nan ma cajar da ake rage wa ƙarfi ce mafita: a saita ta kan ampiya 10 zuwa 13, a bar wa gida sauran.

Ya fi dacewa a yi caji da rana tsaka, wuta ta taso daga farantai ta shiga mota. Cajin dare yana nufin a fara zuba wutar a batiran gida sannan a kwashe zuwa na mota, ana asara a kowane mataki, batiran gidan kuma suna saurin mutuwa. Wannan ya sa tsarin ya fi dacewa da wanda motarsa ke yini a gida, ko kuma asibiti da makaranta da sakatariya inda mota ke yini a ajiye.

Da hunturu ƙura kan rufe farantai ta rage abin da suke samarwa, don haka sai an riƙa goge su.

Game da janareta kuwa, ƙaramin injin nan da ba ya kai kilowat ɗaya ba zai iya cajin mota ba. Babba zai iya, idan an yi masa wayar ƙasa daidai, amma an koma gidan jiya ke nan, tunda mai za a ƙona. Duk gidan da ya haɗa wutar gwamnati da sola ko janareta, dole ya kasance da makunnin sauya layi mai inganci, don kada wutar gidan ta koma kan turke ta kashe ma'aikacin da ke gyara.

Bakin caja ba ɗaya ba ne

Akasarin motocin da ake hawa a arewa 'yan kwatano ne, kuma kowace nahiya da irin bakin cajarta. Motocin Turai suna amfani da wanda ake kira Type 2. Tsofaffin motocin Amurka da Japan suna da Type 1. Waɗanda aka ƙera don kasuwar ƙasar Sin suna da GB/T, motocin Tesla na Amurka kuma suna da nasu. Don haka sai an san motar kafin a sayi caja.

Haka kuma soket ɗin gidajen Amurka bolt 120 ne. Wasu wayoyin tafi-da-gidanka da ke biyo motocin can ba su wuce wannan ƙarfi ba, kuma jona su a bolt 230 zai ƙona su. A karanta abin da aka rubuta a jikinsu tukuna.

Darasin dalma

Akwai wani ɓangare na wannan batu da jama'ar Anka da Bukkuyum suka fi kowa sanin nauyinsa. A shekara ta 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Aƙalla yara 400 ne suka rasu, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta shafe shekaru tana jinyar dubbai.

Batiran sola masu araha, masu ruwa da busassu, da dalma aka yi su, kuma cajin mota da dare zai sa a riƙa sauya su akai-akai. Fasa mataccen batir a gida, ko narkar da abin da ke ciki, yana watsa gubar da ta yi waccan ɓarna. Wajibi ne a ajiye shi a rufe, nesa da yara da wurin girki, a mayar wa dillalin da ke karɓa. Batiran litiyam nau'in LFP ba su da dalma, sun kuma fi daɗewa, ko da yake sun fi tsada a sayen farko.

Riba ko asara?

A watan Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin wuta ga rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, wanda shi ne mafi tsada. Ko a wannan farashi, motar da ke cin yunit 17 a kilomita 100 za ta ci wutar ƙasa da naira 4,000. Motar da ke shan lita 8 a wannan tazara kuwa, a farashin naira 1,000, za ta ci naira 8,000.

A watan Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta kuma bayar da sanarwar cire harajin VAT a kan motocin lantarki.

Amma ribar tana zuwa ne bayan an biya kuɗin motar, da na caja da waya da na'urorin kariya, da kuma na sola. Idan aka tsallake ɗaya daga cikin waɗannan don a rage kashe kuɗi, to gidan ne ko kuma iyalin da ke cikinsa aka saka a caca.

Wa zai yi aikin?

Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ce ke ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa a Najeriya, ita ce kuma ke da alhakin duba ingancin aikin. Mai gida yana da haƙƙin ya nemi ganin wannan takarda.

Ana gane ƙwararre tun daga tambayoyinsa. Zai fara da lissafa kayan wutar da ke gidan, ya auna ƙarfin wutar da safe da kuma da dare, ya buɗe akwatin wuta ya duba, ya auna tazara. Bayan ya gama zai gwada wayar ƙasa da RCD da na'ura, ya jona motar, ya dawo bayan sa'a guda ya duba ko wani wuri ya ɗauki zafi. Wanda ya iso da filaya da salatif kawai ya ce a ba shi minti talatin, a sallame shi.

Bayan an gama, aikin mai gida ne ya riƙa danna maɓallin gwajin RCD duk bayan 'yan watanni, ya kuma kashe layin da zarar ya ji ƙaurin roba ko ya ga baƙi a bakin caja.

A Anka da Gummi da Bukkuyum dai, inda tafiya ke buƙatar mutum ya isa inda za shi kafin duhu, motar da ba ta samu caji ba matsala ce ta tsaro, ba ta jinkiri kawai ba. Don haka tsarin aikin shi ne a fara da sanin wutar da ake samu, a gyara wayarin da wayar ƙasa, a tanadi sola, sannan a je kasuwar mota. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya.